Umma, Na Je Kallon Ƙwallo Ba Faranti

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda kika koya min in durƙusa har ƙasa in yi, ina fatan makwancinki yana da sanyi da yalwa da haske. Yau wata goma sha ɗaya ke nan da aka fita da ke ta zauren gidanmu. Tun da na yi wayo, ranar ce kaɗai na ga kin fita da rana tsaka.

Mutanen gida duk lafiya. Baba yana nan yadda kika san shi, daga gona sai masallaci. Tumatirinsa ya yi kyau bana, sai dai na kowa ma ya yi kyau, shi ya sa rabinsa yana nan a yanke a shanye a bayan gida. Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta baro Dawakin Kudu tun ranar sadakar arba'in ɗinki, ita ke riƙe da gidan. Yaya Auwalu ma lafiyarsa ƙalau. Ki yi haƙuri, zan riƙa kama sunansa a takardar nan. Ke ce kunyar ɗan fari ta hana ki, ni kuwa ƙanwarsa ce kawai.

Dalilin rubuto miki shi ne, jibi Asabar za a tafi da ni Dawakin Kudu in zauna a wurin Gwaggo. Da ma ta ce in an yanke alkama za ta koma ɗakinta, to yanzu da ni za ta koma. Ba hutu ba ne, ba kuma ziyara ba. Hukunci ne. Laifina kuwa shi ne na je kallon ƙwallo har sau uku, babu farantin talla a kaina.

Kowa a garin nan ya faɗi albarkacin bakinsa a kan maganar, har mai shayin bakin titi. Ni kaɗai ce ban ce komai ba. Kin san ni, in aka tsare ni da ido sai harshena ya yi nauyi, hawaye su riga magana fitowa. Amma biro ba ya yi min haka. Zan kwafe takardar nan a babban littafin da 'yan ajinmu ke zagayawa da shi, wanda muke rubuta labarai a ciki. Duk wadda ta ga dama ta karanta. Da ke dai nake.

Umma, ke kika fara kai ni filin nan, ko da yake ƙafarki ba ta taɓa taka shi ba.

Ina 'yar shekara goma, ranar wata Lahadi a cikin rani, na ga kin dafa gyaɗa kin tsane ta kin jera a faranti. Ke da ba ki taɓa ɗora min talla ba. Kika ce, "Ki kai bakin filin makaranta, an ce yau akwai taro." Taro kika ce, ba ki ce ƙwallo ba. Ba ki kuma ce a ranar ne za a fara sa Yaya Auwalu a cikin manyan 'yan wasan garinmu ba, alhali tun safe kina jin sa a zaure yana ta buga sabon kambas ɗinsa a ƙasa don kowa ya ji.

Da na dawo na tarar kina tsintar shinkafa a faifai. Kika ce, "Yaya kasuwa?" Na ce gyaɗa ta ƙare. Can kika ce, ba tare da kin ɗago ba, "Wai me suke yi ne a wurin, ake ta ihu haka?" Na fara zuba, ina haɗa gaba da baya, wancan ya faɗi, wancan rigarsa ta yage. Da na zo kan Yaya sai hannunki ya tsaya cak a kan faifan. Ban manta ba. Yarinya ce ni, amma a ranar na gane ba gyaɗa aka aike ni sayarwa ba.

Shekara biyar muka yi a haka. Ke kina nuna kasuwa kike tambaya, ni ina nuna labarin ne ya suɓuce min. Ba ki taɓa cewa Auwalu ba. Sai dai, "Wancan fa, an ce ya faɗi?" Ko kuma, "Ɗan gidan nan dai ba ya jin magana, da wannan ƙafar ya shiga?" In na ce an taɗe shi ya ɗingisa, sai ki ci gaba da aikinki. Sai bayan magariba in ji kin ce, "Zulai, ruwan zafin nan ya yi min yawa, kai shi ƙofar shagon can kar ya huce a banza." Da man zafi a gefen bokitin, wai shi ma yawa ya yi miki.

Tun da ba ki taɓa ganin filin ba, bari in sake zana miki shi, wannan karon ba gaggawa. Yana bayan firamare, kanal ya bi ta gabas da shi, ruwa yana tafiya a cike har baki. Da safe ba fili ba ne, wurin shanya ne. Shinkafa shansherar da ku mata kuke turarawa a gida, a nan ake baza ta a kan tampol. Da an yi la'asar sai masu shanya su tattara, wani lokaci 'yan wasan da kansu ke kama bakin tampol don a yi sauri. Ana fara wasa ƙasar tana ƙamshin dafaffiyar shinkafa. Har yau in na ji wannan ƙamshin sai ƙirjina ya buga kamar an busa usur.

Alƙalin wasan kuwa Malam Ɗanjuma ne, mai buɗe wa gonaki ruwa. Shi ya sa filinmu ya fi kowane fili ladabi ga rafli. In ya busa abin da bai yi wa mutane daɗi ba, ba ka jin zagi. Sai dai ka ji wani ya ce da ƙarfi, "Allah Ya ja kwana, Malam, a dai ƙara dubawa!" Kowa yana da fulotin gona da ruwansa ke hannun Malam. Kin tuna ranar da na ba ki labarin mutumin da ya manta kansa ya jefe shi da ruɓaɓɓen tumatir, washegari aka gan shi tun da sassafe a ƙofar gidan Malam da kwandon mai kyau a ka? Kin yi dariya har kika riƙe ciki, kika ce kar in faɗa wa kowa kin yi.

Sai Baba Sale mai faci, wanda yake rufe rumfarsa ranar wasa ko da tayar motar Ikko ce ta fashe a gabansa. Muryarsa kike jiyowa har tsakar gida. "Kai lamba biyar, ƙafar aro ce?" "Gola, hannuwan a gida ka baro su?" Shi ya raɗa wa Yaya suna Inji, wai don ba ya gajiya kamar injin ban-ruwa. In Yaya ya karɓi ƙwallo sai ka ji, "Inji ya tashi! A ƙara masa mai!" Ke ma wani lokaci kina cewa, "Na ji mai facin can yana ta kiran inji, me ya faru?" Wannan sunan kam kina iya faɗa, tun da ba shi aka raɗa masa ranar suna ba.

Kunnenki ya ƙware, Umma. Kin san ihunmu in mun ci, yana tashi sama ya daɗe bai sauka ba. Kin san na 'yan Tsallake, garin da ke hayin kanal, yana zuwa da bugun gwangwani. Kin san wannan gunjin da taro ke yi in ƙwallo ta daki turke. Kafin in shigo kin san sakamako. Abin da kunne ba ya ba ki shi ne yadda aka yi, shi kike jira a wurina.

Ni kuma lokacin na fara karatun littattafan soyayya, ina karɓo haya a Kura ina ɓoyewa a cikin hijabi. Sai na riƙa ba ki labarin wasa da harshensu. In ce, "Ya dubi mai tsaron gida da wani irin kallo mai narkar da zuciya." Ki ce, "Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Faɗa min da Hausa."

Tun da maganar ta zo, bari in share miki wani abu. A gari ana cewa wani saurayi nake zuwa gani. Babu shi. Gaskiya dai akwai wani golan Tsallake mai dogon wuya da na yi mako biyu ina sa shi a labarin da nake rubutawa, na ba shi mota da gida a Kano. Ranar da na ji ya buɗe baki ya ɗura wa ɗan bayansa ashar, na dawo gida na kashe shi a shafi na tara, hatsarin mota. Iyakarta ke nan. Abin da littattafan ke cewa yana samun budurwa in ta ga masoyinta, bugun ƙirji da sanyin gwiwa da ɗaukewar numfashi, ni a bugun kwana yake samu na, lokacin da ƙwallo take sama kowa ya ɗaga kai ba a san kan wa za ta sauka ba. Ban san wa zan faɗa wa wannan ya fahimta ba in ba ke ba.

Yanzu ga abin da ya fi yi min wuyar rubutawa.

Kin tuna wasan ƙarshe na ranin bara, mu da Tsallake, wanda aka sa kofi? Shi ne wasan ƙarshe da kika ji. Har dab da tashi babu wanda ya ci wani. Ina tsaye a kusurwar da na saba, faranti a ka, yatsun ƙafata sun ƙanƙame silifa. Sai wani baƙo, cikin dillalan tumatir da ke zuwa da manyan motoci, ya ƙwala min kira daga bayan taro. "Ke mai gyaɗa!" Na yi kamar ban ji ba. Ya sake. Mutane suka fara waiwayowa, wani ya ce, "Ke ba kiran ki ake ba? Talla kika zo ko kallo?" Kunya ta kama ni. Na juya wa fili baya, na ratsa na je na durƙusa na sauke masa faranti.

Mutumin nan ya ɓare ɗaya ya tauna. Ya ɓare ta biyu. Ya ce gishiri bai ji ba. Yana cikin ɓare ta uku ƙasa ta girgiza. Ihun ya taso ta bayana kamar an buɗe babbar ƙofar ruwa. "Inji! Inji! Inji!" Na miƙe na juya, ba na ganin komai sai bayan riguna da huluna a sama.

Umma, ban gani ba. Ƙwallon da Yaya ya ci mana kofi da ita, ban gan ta ba.

Da na shigo gida na tarar da ke a tsaye a tsakiyar tsakar gida, ludayi a hannu, tuwo yana ƙauri a kan wuta. Ranar ba ki ce yaya kasuwa ba. Cewa kika yi, "Faɗa min." Idonki kamar na yarinya. Ta yaya zan ce miki ina durƙushe a gaban wani yana kushe gishirinki?

Sai na ƙirƙira. Na ce an ɗago masa ita daga dama, ya tare da ƙirji, ya juya ya yanke mutum biyu, na biyun har ya zauna, sannan ya ɗaga kai ya dubi gola ya narka ta da hagu a can saman kusurwa. Ranar ba ki ce in faɗa da Hausa ba. Kika ce, "Da hagu?" Na ce da hagu. Kika juya kika shiga ɗaki, kin daɗe ba ki fito ba.

Sau nawa kika sa na maimaita miki? Kina wanki, kina tsefe min kai. Da damina ta shigo zazzaɓin ya kwantar da ke, ana gobe da asuba za a kai ki asibiti, kika ce, "Zulai, ba ni labarin ranar nan mana." Na sake ba ki, ban canza ko kalma ɗaya ba, don na riga na haddace ƙaryata kamar karatun allo.

Sai bayan kin tafi na ji gaskiyar. Ina wucewa ta rumfar Baba Sale na ji yana tsokanar Yaya, wai, "Kai da ka ci kofi da gwiwa, ba ka ma san ta shiga ba sai da aka danne ka!" Ashe cakuɗewa aka yi a bakin raga, wani ya buga ta daki gwiwarsa ta gangara a hankali ta wuce layi. Shi ke nan. Babu ƙirji, babu yanka, babu hagu.

Kin tafi da ƙwallon da ba a taɓa ci ba. Ki yafe min. Na sha kuka a kan wannan fiye da yadda na yi ranar jana'izarki. Kuma na san da na ga ta gaskiyar, da ita za ki fi so. Da kin yi dariya kin ce, "Da gwiwa? Ɗan gidan nan dai!"

Bayan rasuwarki ban ƙara zuwa ba. Gwaggo ta ce na girma, shekara sha shida ta wuce talla, ni ma ban musa ba. Da rani ya zagayo aka fara gasar bana, ranar Lahadin farko na zauna a kan turmin da kike zama. Ihu ya taso daga fili. Na kasa kunne yadda kike yi, na ce wannan namu ne, wannan turke aka daka. Na yi rabin wasa a haka. Ke kin iya, Umma, kin yi shekaru kina gani da kunne ba ki taɓa ƙorafi ba. Ni ban iya ba. Kuma a kan turmin nan na gane ba don ke kaɗai nake zuwa ba. Ni ma so nake.

Lahadi ta biyu na zura hijabina na fita.

Hannuwana ba su san inda za su zauna ba. Shekara biyar ɗaya yana riƙe da bakin faranti. Na cusa su cikin hijabi na hau gefen kanal, ƙarƙashin darbejiya, nesa da maza. Ban kai ga tsayawa sosai ba wani ya ce, "Zulai, ina gyaɗar?" Na ce babu. Ya ce, "To me kika zo yi?" Na ji duk wuyana ya yi zafi, ƙafafuna suna cewa mu koma. Na ce, "Kallo." Kalma ɗaya ce, a hankali ma na faɗe ta. Amma kafin hutun rabin lokaci ta zagaye filin.

Abin mamaki, a filin nan na yi shekara biyar ina kutsawa tsakiyar maza, ana jan farantina, ana min wasan banza, babu wanda ya taɓa cewa bai dace ba. Akwai 'yan mata sun fi goma a ranar, masu rake, masu awara, masu ruwan sanyi, wasu sun girme ni. Babu mai ganin su. Ni da na tsaya can gefe a rufe ruf, ni ce abin kallo. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko faranti yana cikin suturar mace. Ta yi dariya ta rufe baki, sannan ta ce in dai bi maganar iyaye.

Amma Umma, abin da na gani a ranar! Wasa tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya kira ni. Ashe 'yan baya tare suke matsawa kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ashe kafin Yaya ya ruga yana ɗan nuna wa mai ba shi da yatsa inda yake so a ajiye masa. Shekara biyar ina ba ki labarin wasa, ashe guntu-guntu nake gani tsakanin mai saye da mai saye.

A gida Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Baba bai ɗaga murya ba, kin san shi. Ya ce an yi masa magana a majalisa bayan sallah, kar in sake. Na sake. Bayan na biyun ne Yaya ya tare ni a zaure. Ya ce abokansa suna ce masa ƙanwarsa ta zo zaɓen miji. Ya ce, "Kin kunyata ni a gaban mutane. Wallahi in na ƙara hango ki, fita zan yi daga filin." Wannan ta fi faɗan Gwaggo ciwo. Bai san komai ba, Umma. Har yau yana zaton ruwan zafin nan tunanina ne. Yana zaton ba ki taɓa damuwa da ƙwallonsa ba. Ya taɓa faɗa da bakinsa, wai ke ko sau ɗaya ba ki tambaye shi yaya wasa ba. In littafin 'yan ajinmu ya zagaya har takardar nan ta faɗa hannunsa, to ta faɗa. Ki yi haƙuri, na gaji da riƙe wa mutane kunyarsu.

A daren ba a sake tayar da maganar ba. Washegari Baba ya kira ni ya ce in na je na uku, zan bi Gwaggo.

Lahadin da ta wuce ita ce ta wasan ƙarshe, mu da Tsallake kuma. Tun azahar na ga Gwaggo ta ɗora tukunya. Da la'asar na fito da hijabina, sai na tarar da ita a bakin ƙofa da farantinki, wannan mai zanen fure da ya ɗan lotsa a gefe, cike da dafaffiyar gyaɗa. Ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce, "Ungo, 'yar nan. Ko ba ki sayar ba, ki dai ɗora a ka. Na yi magana da ubanki, ya ce in da wannan ne babu komai. Ki rufa masa asiri."

Gwaggo ba muguwa ba ce. Hanya ta nema min, da gyaɗarta da itacenta. Wallahi har hannuna ya miƙa. Da na ɗauka da yanzu ba na haɗa kaya, da zan ci gaba da kwana a ɗakinki, da kowa ya huta. Amma na dubi farantin na san abin da zai biyo baya. Wani zai ce ke mai gyaɗa, ni kuma zan juya. In ma ban juya ba, zan tsaya ne ina cewa duniya ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, ba talla za ni ba." Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To, kin zaɓa."

Ga labarin wasan, da Hausa, yadda ya faru.

Sun ci mu tun da wuri, golanmu ya fito bai kai ba. Muka rama kafin hutu, ba Yaya ba ne, wani ɗan baya ne da ka. Bayan an dawo suka ƙara. Yaya ya hango ni tun farkon wasa, na ga lokacin da fuskarsa ta canza. Bai fita ba. Saura kaɗan a tashi aka taɗe shi a cikin da'ira, Malam Ɗanjuma ya busa fenareti. Filin ya yi tsit, har Baba Sale ya rufe baki. Yaya ya ajiye ta, ya ja da baya taku shida, ya rugo ya buga. Ta tashi sama da turke, ta wuce kan mutane, ta faɗa kanal.

Dokar filinmu ita ce wanda ya jefa ƙwallo a ruwa shi zai shiga ya ɗauko. 'Yan Tsallake suna ta buga gwangwani suna cewa, "Inji ya sha ruwa!" Ruwan ya janyo ta har daidai darbejiyar da nake. Ya shiga har ƙirji ya kamo ta, ya hauro a gabana, jikinsa yana tsiyaya. Na ɗauka zagi na zai yi. Bai kalle ni ba, ƙwallon yake kallo. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ta ɗaga da yawa ko?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ka kwanta baya da yawa, Yaya. Ƙafar da ka dogara a kai ta yi nisa da ita."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba. Ya ja tsaki ya koma fili. Aka tashi biyu da ɗaya, kofi ya tsallaka kanal. Har yau bai yi min magana a gida ba. Amma wannan na gan shi da idona, Umma, tun daga takun farko har na ƙarshe, kuma ban ƙara miki ko gishiri ba.

Baba bai dake ni ba. Ya ce magana ɗaya yake yi, in haɗa kayana. Na ce to. Na san saɓa wa uba ba ƙaramin abu ba ne, na roƙe shi gafara a durƙushe, kuma zan tafi inda ya ce ba tare da gardama ba. Zan yi wa Gwaggo wanki da shara, zan shiga makarantar da aka nema min a can. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce na yi nadama, don ban yi ba, kuma ƙarya ɗaya da na yi a kan ƙwallo ta ishe ni har ƙarshen rayuwata.

Barin ɗakinki ne ke min ciwo. Har yanzu in an buɗe akwatinki ƙamshin turarenki yana fitowa. Na ɗauki ɗankwalinki guda, ruwan toka, ban tambayi kowa ba.

Ɗazu muna ninke kaya ni da Gwaggo, na daure na tambaye ta a hankali, kaina a ƙasa, ko akwai filin ƙwallo a Dawakin Kudu. Ta dai ajiye zanen da ke hannunta, ta zabga min wata irin harara, ta ce, "La'ilaha illallahu, wannan yarinya!"

Ashe akwai.

Allah Ya jiƙan ki, Umma. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki a gidan da babu katangar da za ta tare miki ganin abin da kike so. Allah Ya huci zuciyar Baba, Ya saka wa Gwaggo da alheri, Ya kiyaye ƙafafun ɗanki Auwalu. Ni kuma Ya shirye ni in na kauce, Ya ƙarfafa ni in ina kan daidai. Amin.

Taki har abada,
'yarki Zulai